Ƙiryar da Ban Saro wa Yaya Ba

Da can, a ƙauyenmu na ƙasar Roni, in aka yi rasuwa ba a tambayar inda za a samo itacen rufe kabari. Masu haƙa suna haƙa, mutum biyu za su saɓa gatari su nufi bayan gari, kafin a gama yi wa mamaci wanka sun dawo da rassan ƙirya, an daddatsa su daidai faɗin kabarin. Ƙirya ake so domin gara ba ta cinta, ƙasa kuma ba ta saurin ruɓar da ita, sai kabari ya yi shekara da shekaru bai rufta ba. Da ita aka rufe kakanmu, da ita aka rufe mahaifinmu da mahaifiyarmu. Yanzu kuwa a maƙabartun Kazaure dalbejiya ake tarawa a gefe guda, an yanka an jera, wani lokaci ma ɗanya, duk wanda aka kawo a ɗebar masa. Ba wanda ya ga laifin haka. Ni ma ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba, sai da wana ya kwanta ciwo a bazarar bana.

Wan nawa ya girme ni da shekara tara. Shi ya riƙe gida duk tsawon lokacin da na yi ina yawon fatauci, daga Maraɗi zuwa Kumasi, daga can zuwa ƙasar Sudan, har Allah ya kai ni gabashin Afirka. Da likita ya sallamo shi ya ce a koma gida a ci gaba da addu'a, shi ma ya gane abin da ake nufi. Ya sa aka sayo masa likkafani ya ajiye a akwati. Ran nan bayan la'asar ya kore jikoki daga ɗakin, ya ce in matso.

"Auta, ka zaga duniya, ka iya harsunan mutane. To ga ɗan ƙaramin aike. Ka samo min ƙirya."

Na ce masa, Yaya, ai malamai sun ce ba sharaɗi ba ne, kowane itace ya wadatar. Ya ce ya sani, shi ma ya zauna gaban malamai, kuma ba fatawa ya tambaye ni ba. Abin da aka rufe Baba da shi yake so a rufe shi da shi. Na ce to, yini ɗaya ya ishe ni. Da gaske nake, haka na zata.

Mun tashi da asuba daga Kazaure, ni da wani tsohon abokina da ya yi aikin malamin daji har ya yi ritaya. Na ɗauke shi ne saboda idona zai iya ruɗuwa da itace, nasa kuwa ba ya ruɗuwa. A tasha muka sha koko da ƙosai muna jiran mota ta cika. Kuɗin motar ya ɗara abin da na sani nesa ba kusa ba, da na yi magana direban ya ce in je in yi cinikin da masu gidan mai, in sun rage masa ya rage min. Rana na fitowa muka kama hanyar Roni.

Duwatsun nan da suka kewaye Kazaure ina yaro birai ne a kansu, da rema tana shan hantsi a kan falale. Yanzu abin da na gani mutane ne zaune da guduma suna fasa dutse, an tara tsakuwa tsibi-tsibi ana jiran tifa. Ban ga laifinsu ba, abinci suke nema. Gefen hanya kuwa kore shar, layin dalbejiya da bishiyar turare sun miƙe har inda ido ya tsaya. Abokina ya riƙa nuna min su ta taga yana cewa wannan layin da hannunsa aka dasa shi, wancan ma shi ya tsaya a kai har ya kama. Na ce masa sannu da aiki, amma ni abin ya yi min kama da garin da kowa sunansa ɗaya. Ina kanya, ina ɗinya, ina marke, ina ɗorawa? Ya ce, "Alhaji, lokacin da rairayi ke cin gonakin mutane, kai kana Kumasi kana cin doya. Abin da ke saurin girma muka dasa." Wannan gaskiya ce.

A ƙauyenmu na sauka kai tsaye na nufi tsohuwar gonar Baba, wadda yanzu jikokin baffanmu ke nomawa. Ƙirya uku ce a kan iyakarta ta gabas, a ƙarƙashin ta tsakiyar muke ajiye gorar ruwa in muna noma. Na san an sare su, amma na sa rai da kututture, domin kututturen ƙirya sai ya fi mutum daɗewa. Ko shi babu. Rami uku na tarar, yashi ya kusa cike su. Wani dattijo da muka yi sallar azahar tare ya ce masu gawayi ne suka haƙe har saiwa, domin gawayin saiwar ƙirya ya fi kowanne riƙe wuta. Ya ce rabonsa da ganin ƙirya a tsaye a ƙasar nan ya manta, amma in muka je Babura ba za mu rasa ba, domin can ake shigo da kaya daga tsallaken iyaka.

Kafin mu bar Roni muka zauna a wata rumfa kusa da mahauta muka sha fura da nono. Furar ta yi daɗi, ta ji citta da kanumfari, sai dai nonon ya sha ruwa har kana iya ganin gindin ƙwarya. Ina sha ina kallon rufin rumfunan mahautan, ina jin kamar an cire wani abu daga wurin, ban gane ko mene ne ba sai can. Babu ungulu ko ɗaya. Da can rufin nan baƙi ƙirin yake da su, mahauta suna kora suna dawowa. Na tambayi mai furar, ta ce wasu sun ce masu asiri ne suka kame su don kawunansu, wasu sun ce guba suka ci a jikin mushe. Ita dai abin da ta sani, yanzu in jaki ya mutu a bayan gari sai an yi mako ana toshe hanci.

Hanyar Babura ta sa dole muka sake ratsa Kazaure. Motar ta wuce ta bakin layin gidanmu, ban sauka ba. Na ce wa Yaya yini ɗaya, kuma ban ga yadda zan shiga ɗakinsa hannu wofi ba. A Babura muka kwana gidan wani da muka yi fataucin goro tare a zamanin ƙuruciya.

Kasuwar Babura ta ci sunanta. Buhunan gero da wake an jera kamar katanga, raƙuma sun durƙushe ana sauke musu kaya, masu canjin sefa suna zaune kan tabarma kowa da jakarsa a cinya. Hausar bakin iyaka ta tuna min da Maraɗi, har na ji harshena ya fara juyawa da kansa. Muka ci dambu da zogale a tsaye, sannan muka nufi layin masu itace.

Mutum na farko da na tambaya ya ce yana da ƙirya, ta gaske, kuma don ni dattijo ne zai yi min sauƙi. Ya shiga bayan rumfa ya fito da wasu itatuwa baƙaƙe masu sheƙi. Zuciyata ta yi sanyi, har na fara lissafin yadda za a ɗora su a mota. Abokina ya karɓi ɗaya ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya zaro 'yar wuƙarsa ya kankare gefe. Ciki fari fat. Ya kai hanci ya shinshina, ya ce wa mai itacen, "Ɗan nan, wannan ƙiryar taka a garejin bakanike ta girma?" Dalbejiya ce aka shafe da baƙin mai. Mai itacen bai ko ji kunya ba, ya yi dariya ya ce yawancin masu tambaya ba su taɓa ganin ta gasken ba, suna kawai suke saye.

A ƙarshen layin muka sami wani mutumin ƙasar Magarya, can tsallaken iyaka, yana sayar da taɓare. Na gaishe shi da Faransanci don in gwada ko nawa bai yi tsatsa ba, ya amsa min da Hausar da ta fi tawa tsabta. Ya ce ƙirya ko a wajensu ta yi wuya, kuma wanda aka kama yana sara sai ya yi bayani. Amma ya ce gonakinsu yanzu ba fayau suke ba kamar da. In an zo sassabe ba sa ƙone duk abin da ya toho daga tsohon kututture, sukan zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su bari, su sassabe sauran. Da haka gawo ya dawo musu, da kalgo, da sabara, ba wanda ya ɗauki ruwa a ka ya kai wa dashe. Na san da gaske yake, domin na gani da idona a hanyar Maraɗi. Na kuma ga makamancinsa a Kordofan, inda manomi ke barin gona ta huta daƙwara ta tashi da kanta ya riƙa cin kuɗin ƙaro.

Abokina bai yarda ba. Ya ce barin abu ya fito da kansa ba aiki ba ne da za ka nuna wa na gaba da kai. Dashe kuwa ana ƙirgawa, ana rubutawa, ana zuwa a duba. Mai taɓaren ya ce shi bai san rubutu ba, abin da ya lura kawai shi ne mutanenmu na wannan tsallaken sukan kawo baƙon itace a yi masa taro da ganga, ɗan gida kuma da ya leƙo daga ƙasa a sa masa fartanya. Suka ɗan ja, ba wanda ya kayar da wani. Da za mu tafi ya kira ni gefe ya ce makiyayan da ke saukowa kudu suna ba da labarin wata ƙirya a wani ƙauye na ƙasar Gwiwa, a gonar wani maƙeri, wanda ya kewaye ta da waya kamar ɗan fursuna. Ya ce in tana nan, ita ce.

Washegari muka koma yamma, muka ratsa ta Achilafiya, muka kama hanyar Gwiwa. Inda kwalta ta ƙare muka hau acaɓa, kowa da nasa, tsofaffi biyu suna rirriƙe da huluna. Mai acaɓan da ya ɗauko ni ya ce in daina jan rigarsa, bai taɓa kayar da kowa ba sai mutum biyu, su ma sun warke. Mun bi ta wani tsohon burtali, hanyar shanu ke nan, wanda a da garke biyu za su gifta juna a cikinsa ba su gogu ba. Gonaki sun cinye shi ta dama da hagu har ya koma kamar lungun cikin gari.

Tun daga nesa na gane ta. Shekara nawa rabona da ita, amma jikina ya riga idona sani. Doguwa ce, baƙar jiki, ɓawonta a tsattsage, ganyenta ƙanana suna lilo. Da muka matso sai na ga rabin bishiya ce. Ɓangaren yamma duk dungu ne, wuraren da aka sare sun bushe sun yi toka-toka. Reshe ɗaya tak ya rage mai rai, babba, ya karkata gabas, 'ya'ya baƙaƙe masu tauri suna rataye a jikinsa. An kewaye ta da waya, an ƙara da ƙaya, ƙasan kuwa a share tas kamar tsakar gidan mace mai tsabta.

Maƙerin tsoho ne, sa'an Yaya ko ya ɗara, hannuwansa duk tabon wuta. Ya shimfiɗa mana tabarma a wajen shingen, aka kawo ruwa. Ban faɗi abin da ya kawo ni ba tukuna, na bar shi ya ba da labarin bishiyar. Ya ce gidansu maƙera ne tun kaka da kakanni, kuma ba abin da suke hura wa zuga-zugi sai gawayin ƙirya. Ya ce in ana neman wanda ya cinye ƙiryar ƙasar nan kada a je da nisa, ga shi zaune. Da ya farga saura wannan kaɗai, sai ya rantse ba za a ƙone ta ba. Daga baya wasu masu aikin kare itatuwa suka zo da mota, suka auna kaurinta, suka ɗauki hoto, suka ba shi waya suka ce ya hana dabbobi kusantarta. Ya hana. Kowace shekara yakan tsince 'ya'yan da suka zubo, ya fasa, ya ajiye ƙwayar, ruwan farko ya shuka a cikin shingen. Shekara goma sha ɗaya yana haka.

"Ko ɗaya bai fito ba, Alhaji. Na yi addu'a, na zuba taki, na yi ban-ruwa da tulu. Na ce ko juya ce."

Muna cikin haka wani tsohon Bafulatani da ke zaune can gefe a inuwar da ta tsallako shingen ya yi tsaki. Maƙerin ya ce kada mu kula shi, maƙwabcinsa ne, rugarsu na bayan gonar, kullum nan yake zuwa ya zauna don ya ba shi haushi. Na juya na gaishe shi da Fillanci. Ya dube ni da mamaki, ya gyara zama, ya ce tunda ina jin Fillanci zai gaya min abin da ya gaya wa wannan Kaɗon tun ranar da aka kafa wayar. Sai ya koma Hausa don kowa ya ji.

Ya ce ƙwayar ƙirya tauri gare ta kamar tsakuwa, ruwan sama ba ya ratsa ta. Ba ta tsira sai ta bi ta cikin saniya. Da bazara shanu kan kwanta a inuwarta su ci 'ya'yan da suka zubo, cikin saniya ya laushe ɓawon, ta je can gaba ta kasayar da ita cikin kashi, damina ta zo ta tarar da ita a jiƙe cikin takinta. Ya ce duk ƙiryar da aka taɓa gani a ƙasar nan, a bakin burtali take ko a tsohon makwancin shanu, mu tuna mu gani. Na tuna. Ƙirya ukun gonar Baba a gefen burtali suke.

Na tambayi maƙerin me ya sa bai gwada ba. Ya ce ya ɗauka wayo ne, mutumin yana nema wa shanunsa abinci da inuwa ne kawai. Ga masu mota da takarda sun ce a hana dabba, ga mai dabba ya ce a bar dabba, wa zai gaskata? Bafulatanin ya ce ai bai musa ba, yana son inuwar, yana son 'ya'yan, amma son da yake yi bai mayar da maganar ƙarya ba.

Abokina ya tsinci wata kwasfar ƙirya yana juya ta a hannunsa. Can ya ce a makarantar koyon aikin daji an koya musu cewa iri mai taurin ɓawo sai an jiƙa shi a ruwan zafi ko an kankare shi, ya ma rubuta a jarrabawa ya ci. Amma duk tsawon aikinsa ba a taɓa ce masa ya reni ƙirya ba, don ba ta girma a zamanin shugaba ɗaya. Fulani kuwa kama su yake yi in ya gan su da gatari a kan gawo, bai taɓa zama ya tambaye su komai ba. Duk da haka ya ce a faɗi gaskiya, ba don wayar nan ba da tuni masu gawayi sun yi dare ɗaya da ita, kuma ko tsiron ya fito awaki ba za su bar shi ya kwana ba. Bafulatanin ya ce haka ne. Na tuna wani gandun namun daji da na taɓa gani a Kenya, namun a ciki, baƙi suna biya suna shiga, makiyayan da kakanninsu suka zauna da namun nan suna tsaye a waje da sanduna. A lokacin na ɗauka matsalar mutanen can ce.

Sannan maƙerin ya tambaye ni abin da ke tafe da ni. Na gaya masa. Na gaya masa ciwon Yaya, da likkafanin da ke akwati, da abin da aka rufe Baba da shi.

Ya ɗaga kai ya kalli dungayen ɓangaren yamma. Ya nuna min su ɗaya-ɗaya. Wannan na limaminsu ne. Wannan na wata tsohuwa ce da 'ya'yanta suka zo tun daga ƙasar Katsina. Wancan na ƙarshe, wanda bai gama yin toka ba, na mai ɗakinsa ne, bara. Ya ce ya hana masu gawayi, ya hana masu sassaƙa turmi ko nawa suka zo da shi, ya hana shanu, amma akwai roƙon da ba a iya hanawa a ƙasar nan, kuma shi bai taɓa jin wanda ya hana ba. Ya tashi ya shiga maƙera ya fito da gatari, ya ajiye a kan tabarma a gabana.

"Ba a hana mamaci itace. Reshen nan zai rufe kabari ɗaya daidai. In ka ce a sare, yanzu a sare."

Abokina ya sunkuyar da kai. Bafulatanin ya juya yana kallon shanunsa can nesa. Na san in aka sare reshen nan bishiyar ta gama, ko ta yi shekara biyu a tsaye ba za ta sake yin ɗa ba, kuma 'ya'yan da ke rataye a kai su ne na ƙarshe da na sani a duk ƙasar da na taka kwana uku. Wayata tana aljihu. Da na kira gida da an kara wa Yaya a kunne. Ban kira ba, domin na san in na ji muryarsa zan ɗauki gatarin.

Na daɗe ina kallon reshen. Yaya ne ya biya min kuɗin motar farko da na shiga zuwa Maraɗi. Shi ya yi jinyar Baba, shi ya sa shi a kabari, ina Kumasi labari ya same ni bayan kwana arba'in. Bai taɓa roƙona komai ba sai wannan.

Na tura wa maƙerin gatarinsa. Na ce ya ba ni 'ya'yan da suka zubo, ko cikin hula ne.

Ya cika min wata 'yar jaka. Kafin mu tashi suka yi wata yarjejeniya da ba ta gamsar da kowa ba. Maƙerin ya ce ba zai buɗe shinge ba, bai yarda da awakin garin ba, bai ma gama yarda da maƙwabcin nasa ba. Amma zai riƙa tsince 'ya'yan yana kai wa shanun a kwando har ruga. Bafulatanin ya ce ya ji, shanunsa ba su saba a kawo musu abinci kamar masu jego ba, amma za su koya. Wanda zai tsare tsiron daga awaki in ya fito, da gonar da za a bar shi a ciki, ba a kai ga wannan maganar ba.

Muka kamo hanyar gida. Dab da Kazaure, da muka shiga layin dalbejiyar nan, abokina bai nuna min komai ta taga ba.

Na shiga ɗakin Yaya bayan la'asar. Ya rame fiye da yadda na bar shi, kwana uku kacal. Ya kalli hannuna, ya kalli ƙofa ko wani na biye da ni da kaya. Na zauna na ba shi labari tun daga ramukan gonar Baba har zuwa gatarin da aka ajiye a gabana, ban rage komai ba, ban kuma gyara komai don ya yi daɗin ji ba. Ya tambaya reshe nawa ya rage. Na ce ɗaya. Ya tambaya maƙerin ya hana ne. Na ce a'a, ni na ƙi.

Ya juya fuskarsa bango. Na zauna har aka kira magariba. Da na yunƙura zan tashi ya yi magana, bai juyo ba.

"Da kai ne a kwance, Auta, da na saro maka."

Na san gaskiya ya faɗa.

Washegari ya ce a miƙo masa jakar. Ya zaro kwasfa ɗaya ya shinshina, ya girgiza ta a kunne yana jin ƙwayar tana ƙara, ya ce haka suke yi suna yara a gindin ƙiryar tsakiya ta gonar Baba. Ya riƙe wannan, sauran ya ce a kai wa mai shanun da ke bayan unguwarmu a zuba musu, tunda an ce haka ake yi. Bai sake tayar da maganar ba, bai kuma ce ya yafe ba. Ni ma ban tambaya ba, na ji tsoron amsar, ko wacce ce.

Ya rasu kafin ruwan farko ya sauka. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ni na tsaya a bakin kabarin ina karɓar itacen ina miƙa wa masu jerawa, dalbejiya ce, ɗanya, ɗacinta ya kwana biyu a tafin hannuna.

Na fita da tunanin cewa abin da ke ƙarar da itatuwanmu mugunta ce ko jahilci. Abin da na tarar mutane ne masu hujja. Mai gawayi yana da iyali, malamin daji ya tsayar da rairayi, maƙeri ya tsare bishiya da zuciya ɗaya har ya hana ta haihuwa, masu zuwa neman itacen kabari kuma iyayensu suke girmamawa, kamar yadda na je girmama nawa. Kwanan baya an aiko min daga Gwiwa cewa wasu 'yan tsirrai sun leƙo a makwancin shanun, ba a tabbatar ko ƙirya ba ce. Ban je na gani ba tukuna. Ko ita ce, ba ni zan ga ta yi reshen da zai rufe kabari ba, ba kuma 'ya'yana ba. Baba da Inna su ne na ƙarshe da aka rufe da ƙirya a gidanmu. Daga Yaya an koma dalbejiya, kuma da ita za a rufe ni.